Saran Rake Ba Kyamara

Ran da Khairiyya ta fara ganin Muhsin, kuka yake yi shaɓe-shaɓe a bakin gonar raken babanta a Makarfi. Tausayi ya kama ta, ta ajiye furar da ta kawo wa masu aiki ta nufe shi.

"Bawan Allah, rasuwa aka yi maka?"

Sai ga mutane sun ɓullo daga cikin rake da kyamara, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe fim ake ɗauka. Shi ya rubuta, shi ya shirya, shi ne kuma jarumin. Ya share hawaye ya ce, "Kin ɓata mana aiki, amma wallahi na yafe."

Daga nan fa soyayya ta ƙullu. Ɗan garin Kudan ne, amma sana'arsa ta kai shi Alƙahira har Landan, kuma duk inda ya sauka sai saƙonsa ya iso:

"Zumata, ana ta yi mini tafi a nan, ni kuwa hankalina yana Makarfi. Ki ajiye mini mazarƙwaila, ki ajiye mini zuciyarki."

Da maganar aure ta taso, Malam Inuwa, mahaifinta, ya ce atafau.

"Baba, sana'a ce fa."

"Na sani, 'yar nan, ba duhun kai ke damuna ba. Da idona na ga yaron nan yana kuka ba wanda ya taɓa shi. Mai iya wannan, in ya ce yana son ki, ta ina zan gane gaskiyarsa? Ga Yahuza mai sayar da taki nan, cikinsa da bayansa ɗaya ne."

Ta yi kukanta ta ƙoshi, amma Khairiyya ba ta san ja da baya ba. Ta ɗauki waya:

"Jarumina, Baba ba ya sayen daɗin baki. Saran rake ya kama. In da gaske kake, ka zo, ban da kyamara."

Muhsin ya bar wa abokan aikinsa taron finafinan da aka gayyace shi a Maroko, ya zo ya karɓi adda. Mutumin da a fim yake sara kamar an haife shi a fadama, sai ga shi rake ɗaya yana ba shi kashi. Hannuwa suka yi bororo, ƙaiƙayi ya ci jiki, masu aiki suka mai da shi abin tsokana. Amma kullum da safe shi ne kan gaba, har aka share gonar.

Ranar ƙarshe ya durƙusa gaban Malam Inuwa don neman izinin turo manyansa. Khairiyya tana laɓe bayan tarin rake.

"Baba… wato… ni dai… Khairiyya…"

Shi ke nan, magana ta maƙale, gumi ya karyo masa. Khairiyya ta runtse ido, ta ce an gama da ita.

Malam Inuwa ya daɗe yana kallon hannuwan nan da suka yi bororo, sannan ya murmusa.

"Tashi, ɗana. A fim bakinka bai taɓa rawa ba. Je ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da ango ya ɗaga mayafin amaryarsa, sai hawaye suka zubo masa.

Ta ce a hankali, "Bawan Allah, rasuwa aka yi maka?"

"A'a, Zumata. Wannan kukan ba ni na rubuta shi ba."