Saksafon da Zaglul Ya Goge

"Kar ka motsa, Usta! Hannu sama!"

Igwar shan ruwa ba ta gama amsa kuwwa ba suka faɗo shagon. Sun iya zaɓen lokaci, 'yan banza. Da azumi, in an kira magariba, layinmu na Muhammad Ali sai ka ce an yi shara. Masu sayar da garaya da ganguna, har da ni mai gidan shayi, kowa ya duƙufa kan wake da ruwan tsamiya.

Usta Fahim, mai gyaran kayan busa (Usta muke ce wa gwanin sana'a), na zaune da dabino a hannu. Ya ba saba'in baya. Mutum biyu a kansa, fuska a naɗe. Shahata, uban tafiyar, riƙe da bindiga. Zaglul a bayansa. Antar na waje cikin tasi, inji a kunne.

"Ina ƙahon nan? Na Faransa!"

"Ku sha ruwa tukuna, 'ya'yana. Ga dabino."

"Dalla rufe mana baki! Kai, duba ƙarƙashin tebur!"

Duk layin an san ƙahon. Saksafon tena ne, abin busa na tagulla mai kaurin murya, ƙirar Faris tun kafin babban yaƙi, irin wanda aka bubbuga bakinsa da hannu aka zana masa furanni da tsinken ƙarfe. Tsufa ya rina shi ya koma launin zuma mai duhu. In Usta ya busa shi da la'asar, har masu rigima kan wasan domino a wurina sukan yi tsit. Dillalai sun sha zuwa daga Turai, ya ce shi ba ya sayar da haƙarƙarinsa.

Zaglul ya jawo akwatin. Tsohon ya yi wuf ya rungume.

"Saki!"

"Ku kwashe shagon duka, ku bar min wannan..."

Ƙum! Gindin bindiga a goshi. Usta ya kife, farantin dabino ya watse cikin jini.

"A fece!"

Abin da Shahata bai damu da shi ba, shi ne Zaglul ɗan marigayi Hajji Abdul-Al ne, maƙerin tagulla, aminin Usta na ƙuruciya. Da wannan ƙahon tsohon ya yi wa Zaglul busa ranar aurensa, bai karɓi ko sisi ba. Zaglul ɗin ne kuma ya faɗa musu inda ake ajiye akwatin, bisa alkawarin ba za a taɓa kowa ba.

Sun iso dandalin Ataba a guje, sai ga wani dattijo cikin jallabiya ya tsaya a tsakiyar titi da farantin kofunan ruwa.

Ƙiii! Antar ya taka birki.

"Wallahi ba ku wucewa da ƙishirwa! Ungo, ungo, kai ma na baya! Allah ya karɓi azuminku!"

"Amin, Hajji," in ji Shahata, ya kwankwaɗe nasa.

Zaglul ya riƙe kofin. Ga jini a hannun rigarsa. Ya kasa kai shi baki har suka ƙetare Nilu.

A asibiti aka ɗinke goshin Usta. Da ya farfaɗo, bai tambayi inda yake ba.

"Nawal, ina ƙahona?"

'Yarsa ta dubi hafsan 'yan sanda, Mamduh Basha. Shi kuma ya dubi bango.

"Za mu samo shi, Usta. Mun toshe dillalai, mun sa ido a filin jirgi. Ka gane wani cikinsu?"

Tsohon ya kau da kai. "Idona ya tsufa, Basha."

Su kuwa suna wani ɗaki a saman bene a unguwar Imbaba, tsakanin kejin tattabaru, suna jiran mai saye. Shahata na azumi, bai sha ko ɗaya ba. Ka ji ɓarawo mai tsoron Allah.

"Mu'allim, tsohon fa? Ya rayu?" Zaglul ya tambayi Shahata.

"Ubanka ne?"

"Cewa aka yi ba duka."

"Cewa aka yi! Antar, ka ji limamin Imbaba. Miƙo masa carbi."

Antar ya bushe da dariya. "Bar shi, Mu'allim, in ya ga fam ɗinsa zai warke. Amma wallahi Turawa mahaukata ne. Wannan baƙin tsohon bututun? Ko tukunyar wakenmu ta fi shi haske."

Zaglul bai yi dariya ba. Ba ya ci, ba ya barci. Da ya rufe ido sai ya ji ƙum ɗin nan.

Ranar da zafin azahar ya kwantar da su biyun, ya ɗauki akwatin, ya sauka a hankali, takalmi a hannu. A bakin layi ya ari waya wurin mai kanti, ya kira 'yan sanda, ya ba su kwatance har launin ƙofa.

Da ya wuce asibiti kai tsaye, da labarin ya zo da sauƙi. Amma ɗan maƙerin tagulla ne. A gidansu, mayar wa mutum kayansa a dushe zagi ne. Ko butar maƙwabta aka aro, sai an goge ta tana walƙiya kafin a mayar. Ya buɗe tsohon shagon ubansa, ya fito da ƙahon. Ya ga duhunsa, ya ga ɗigon jini a bakinsa. Ya ce a ransa, da wane ido zan miƙa masa shi haka?

Ya yanka lemon tsami, ya kwaɓa da gishiri da toka. Ya goga, duhun bai fita ba. Ya kunna injin gogewa. Yana aiki yana kuka, yana ganin tunda aka haife shi bai taɓa yin abin kirki irin wannan ba. Na tausaya masa, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

A Imbaba kuwa an kewaye benen.

Gwaf! Ƙofa ta ɓalle.

"'Yan sanda! Kowa ya kwanta!"

"Ina akwatin? Ina Zaglul? Shege ya sayar da mu!" in ji Shahata.

Tau! Tau! Tattabaru suka tashi fir. Shahata ya ci ƙasa, gwiwar Mamduh a wuyansa. Antar ya haye katanga, ya auna benen maƙwabta, ya yi tsalle. Bai kai ba.

Ina asibitin da yamma, na kai wa Usta kayan zaƙin nan, kunafa, Mamduh na tsaye yana ba shi labari, sai ga Zaglul. Fuska a buɗe, hannu baƙi ƙirin da toka. Ya durƙusa a gaban gadon.

"Baffa, ni ne. Ni na kawo su. Ga shi na dawo maka da shi. Na gyara maka shi."

Ya buɗe akwatin. Ƙahon na ƙyalli kamar sabon farantin amarya. Furannin sun shafe, sai ɗan alamarsu.

Usta ya ɗauka. Ya juya shi. Ya kai babban yatsa bayansa yana laluben wani wuri, ya sake lalubawa.

"A nan akwai tabon yatsan malamina Hagop," ya ce a hankali. "Shekara arba'in yana riƙe shi a nan. Nawa tabon yana kan nasa."

"Baffa, datti ne na..."

"Na san muryarka tun a shago, ɗan Abdul-Al. Ban faɗa ba."

Mamduh ya yi gyaran murya. "Naka ne, Usta?"

"Nawa ne, Basha." Ya rufe akwatin da kansa, ya dubi Zaglul, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. "Da ka bar musu shi, ɗana. Da yana can yana raye a hannun wani."

An binne Antar kafin Sallah. Shahata ya samu ɗauri mai tsawo. Lauya ya so ya roƙa wa Zaglul sassauci tunda shi ya kawo kansa, Zaglul ya miƙe a kotu ya ce kada a roƙa. Usta ya koma shago yana gyara wa mutane nasu. Da la'asar masu domino suna rigimarsu har magariba, ba mai katse su.