Koriyar Tawada a Littafin Orsa

Ranar da Voula Katsaros ta fara ganin Branko, da niyyar marinsa ta shigo.

Asabar ce da rana tsaka, zafin Coober Pedy, garin masu haƙar ma'adinai da gidajensa ke cikin ramuka, na dafa ƙwaƙwalwa a sama, mu kuwa muna ƙarƙashin ƙasa a ɗakin taronmu. Mu ne masoya Jirgin Orsa, tsohon shirin talabijin na yaƙin sararin samaniya da aka dakatar ba a ƙarasa ba. Shekara talatin muna ƙarasa shi da hannunmu a wani ƙaton littafi, wanda layi ya zo kansa ya rubuta babi na gaba. Dokarmu ɗaya ce: ba gogewa, ba yagewa.

"Wane ɗan iskan ne ya ƙona min jirgi?" in ji Voula.

Wani dogo da ƙurar rami a girarsa ya ɗaga hannu. "Ni ne. Kyaftin ɗinki ta cika surutu."

Ita ke rubuta Kyaftin Sela, shi Branko ke rubuta Kwamanda Drox, babban maƙiyinta. Marin bai samu ba, sai harara, kuma hararar ta daɗe fiye da yadda harara ke daɗewa. Duk mun gani.

Wata uku suna yaƙi a takarda. Ta jefa Drox a kurkuku, ya fasa ya fita da taswirarta. Har lambar waya suka karɓa, wai don su ji daɗin zagin juna.

Branko ya rubuto mata: "Kyaftin, Sela ba za ta taɓa gudu ta bar mutanenta ba. Kin yi mata ƙarya a shafi na huɗu."

"Kai ka san ta ko ni?"

"Ni. Ke sonta kawai kike yi. Ni kullum ina kallonta, ina neman inda zan soke ta."

Voula ta karanta saƙon nan ya fi sau goma. Abin da ke haukata mu da irin labarin nan ke nan: babu mai zuba maka ido kamar maƙiyinka. Ya riga ya ga muninka kaf, in har ya so ka bayan haka, me kuma za ka ɓoye?

Sai koriyar tawada ta bayyana.

Wata Asabar Lachlan, mai riƙe da makullin kabad ɗin ƙarfen da littafin ke kwana a ciki, ya buɗe, sai ga babi da koriyar tawada, wanda babu wanda aka ba layinsa. An saka Sela da Drox a ƙaramin jirgi ɗaya, iskar shaƙarsu saura ta mutum ɗaya, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Ni da na san rubutun hannun nan, sai na ɓoye abin da na sani. Fitilar ɗakin ta yi ƙyaf-ƙyaf, wani sanyi ya fito daga bangon dutse alhali ramin iska a rufe yake.

Lachlan ya daɗe yana son Voula, sai ya samu dama. "Aikin Branko ne. Dabarar neman aure ce."

Voula ta yarda, ta yi fushi, kwana tara ba ta amsa saƙon Branko. A rana ta goma ya rubuto:

"Maƙiyiyata, in zan ce ina sonki ba zan ɓuya bayan tawadar wani ba. Ina sonki. Ga shi da baƙi, da sunana."

"Wawa. Ni ma. Amma ka san sunan gidanku?"

Ya sani. Shekara goma sha biyar da suka wuce, mahaifiyarta Eleni, wadda ta kafa ƙungiyar, tana ɗaukar hoton 'yan ƙungiya a fili cikin kayan shirin. Ta yi abin da ko yaron goye a garin nan an hana shi: ta ja da baya tana kallon kyamara. Ramin haƙar ofal, dutsen ado mai tsada, ne a bayanta, mita ashirin, ba murfi; ta faɗa ciki ta rasu. Ramin Vukovic ne, mahaifin Branko.

Da Voula ta gaya wa babanta, Manolis, sai ya ajiye cokali. "Ɗan Vukovic? In kin aure shi, ki ɗauka kin rasa uwa kin rasa uba."

"Baba, yana da shekara goma lokacin."

"Na gama magana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ba za ta iya barin tsohon nan shi kaɗai a ramin gidansu ba, ba kuma za ta iya barin Branko ba. Lachlan ya canza kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Duk da haka Asabar ta gaba ga koren babi, gajere, layi biyu. A nan na kasa haƙuri, na ce, "Voula, ɗauki littafin nan ki kai wa babanki."

Da la'asar ta ajiye masa a teburin cin abinci. Manolis ya saka tabarau, ya duba, ya ga rubutun hannun Eleni, sai fuskarsa ta koma kamar farar ƙasar rami. Ya tashi yana dafa bango, ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ya ɓamɓare shi da wuƙa don tsatsa ta riƙe murfin. Tsofaffin littattafan Eleni ne a ciki, da alƙalaminta. Ya taɓa bakin alƙalamin, yatsansa ya fito da kore, jiƙe sharkaf, a garin da burodi ke bushewa kafin a gama yanka shi.

Voula ta karanta koren babin a fili: "Manolis, ni na ja da baya, ba wanda ya tura ni. Ba gogewa, ba yagewa, layi ya zo kanka."

Tsohon bai taɓa kallon shirin ba, bai san Sela ba balle Drox. Ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ɗauki biro ya rubuta a ƙasa: "Suka sauka lafiya, su biyun."

An ɗaura auren a cocin ƙarƙashin ƙasa, aka aza musu kambi, aka zagaya da su sau uku. Tsoho Vukovic ya rakuɓe can baya da hularsa a hannu, sai da Manolis ya je da kansa ya jawo shi gaba. Lachlan ma ya zo, ya ci naman rago har ya fi kowa.

"Kyaftin, kin miƙa wuya?" Branko ya raɗa mata.

"Kai aka kama, Kwamanda."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare ƙafar 'ya'yansu daga bakin rami. Asabar ta gaba muka buɗe littafin. A ƙarƙashin layin Manolis akwai kalma ɗaya da kore: "Ƙarshe." Tun daga ranar alƙalamin ya bushe.