Jajaye da Farare

Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ji muryar Ukasha tana tashi daga falo.

Fiddausi ta yi tsaye a bakin ƙofa, jakar littattafai na jan kafaɗarta. Ukasha a gidansu da tsakar rana, babu sanarwa? Da ta leƙa sai ta ga Abba ne kawai a kujera, Umma kuma ta rakuɓe a gefe ta zuba tagumi. Muryar daga wayar Abba take fitowa.

"...duk kuzarin da kike ji a jikinki, Fidda, daga ƙwaya yake. In babu ita ko yatsa ba za ki iya ɗagawa ba. Ranar Asabar zan kawo miki jajaye da farare, ki gani da idonki..."

Nan saƙon ya yanke.

"Muryar wane ne wannan?" Abba ya tambaya, bai ko ɗago ba.

"Yaya Ukasha ne, Abba. Amma karatu ne..."

"Karatu."

"Wallahi karatu ne. Ƙwayar halitta yake nufi, ba..."

"Kada ki sake furta kalmar nan a gabana." Ya miƙo hannu. "Ba ni wayarki. Maganar zuwan magabatansa kuma khalas, an gama. Ni Mainasara ban haifi 'yar da zan miƙa wa mai rabon ƙwaya ba."

Ta ba shi wayar. Ko kukan ma bai zo ba, don gajiya ta riga shi cika mata ƙirji. Ta wuce ɗaki ta kwanta da hijabinta.

*

Wanda bai san gidan ba zai ce Alhaji Mainasara ya cika saurin hukunci. Shekara sha huɗu yana tuƙa motar ofishin jakadanci a nan unguwar Dokki, mutum mai haƙuri da cunkoson Alƙahira, wanda kuwa ya iya wannan ya iya haƙuri. Sai dai babban ɗansa Harun, da aka bari a Kaduna wajen dangi, ƙwaya ce ta cinye shi. A waya aka gaya wa Abba rasuwar, yana tsakiyar titi da baƙo a bayan mota. Tun daga ranar kalmar ta zama haram a gidan. Ta ciwon kai "magani" ake ce mata, ta shinkafa kuwa "tsaba".

To ga shi Hausa ta tashi ta jefa Fiddausi a uku. Sau biyu tana faɗuwa bayoloji, darasi ɗaya tak da ya tsare mata hanyar makarantar jinya. Larabcin littafin ne ya ƙi shiga kanta. Ta haddace khaliyya, wato ƙwayar halitta, ta haddace sassanta, ta shiga jarrabawa ta fito kamar ba ta taɓa gani ba. A nan ne aka haɗa ta da Ukasha, ɗan Gusau mai karatun kimiyya, da yake tara ɗaliban Hausawa ranar Asabar a wani ɗaki a unguwar Ainu Shams yana fassara musu.

Shi ne ya fara ce mata, "Ki ajiye Larabcin tukuna. Ƙwayar halitta gida ce. Tana da katanga da mai gadi, ba kowa ake bari ya shiga ba. A tsakiya akwai ɗakin maigida, inda aka ajiye umarnin komai. Sannan ga murhu, shi ne maitokondiriya, a nan ake ƙona abin da kika ci ya zama ƙarfi."

"Ni kam nawa murhun a kashe yake," ta ce, tana hamma.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga wannan dariya abin ya fara. Wata takwas ke nan, har Abba ya amince magabatansa su zo.

Ta san wadda ta yi mata wannan aiki, ba sai an yi bincike ba. Mutum ɗaya ta tura wa saƙon, cikakkensa mai minti bakwai: Hindu, 'yar ajinsu, wadda ta ce ba ta gane darasin jini ba. Hindun da ke zuwa aji da turare kamar za ta biki, take kuma tambayar Ukasha abin da ta riga ta sani. Ta yanke daƙiƙa ashirin daga ciki, ta bi ta hannun wata gwaggonta, har ya iso wayar Abba. Kai, wasu matan dai Allah Ya shirya.

*

Kwana huɗu Fiddausi ba ta leƙa waje ba. Takan buɗe littafin ta zuba wa zanen ido, ba ta ganin komai. A rana ta biyar Umma ta shigo da yamma, ta ajiye mata tsohuwar wayarta a kan katifa.

"Minti biyar. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Fidda?"

"Ni ce..."

Kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Ta bayansa tana jin kukan jirgin ƙasa na metro da hayaniyar masu tuk-tuk, adaidaita sahun Alƙahira.

"Na tura wa Babanku cikakken saƙon," ya ce. "Bai buɗe ba. Na zo ƙofarku sau biyu, mai gadin benenku ya ce an hana."

"Na sani."

"Saƙon ya zaga cikin ɗalibai. Asabar ɗin nan mutum uku suka zo aji, cikin sha tara. Jiya a masallaci wani ya janye kafaɗarsa daga tawa a sahu." Ya sauke ajiyar zuciya. "Na gaji, masoyiya. Wallahi na gaji da rantsuwa."

"Ni ma na gaji, Yaya. Amma ina son ka, kuma ban gaji da wannan ba."

"Ki sake faɗa..."

"Ka ji ai. Saurara, madubin likitan nan da ka ce za ka aro mana daga makarantarku, har yanzu za a ba ka?"

"Za a ba ni, na yini ɗaya. Me za ki yi da shi?"

"Kai dai ka aro."

*

Washegari da safe ta sami Abba yana huda yatsa da 'yar allurar gwajin sukari, kamar kullum kafin ya fita. Ta durƙusa.

"Abba, ina neman alfarma ɗaya."

"In maganar yaron nan ce, tashi."

"Kun ji ya ce zai kawo jajaye da farare. To ku bar shi ya kawo. Ku kama shi da su a hannu, a gabanku. Idan irin waɗanda kuke tsoro ne, ni da bakina zan ce ba na son sa, ba zan kuma ƙara ambatonsa ba har in mutu."

Abba ya daɗe yana kallonta. Ta lura idanunsa sun faɗa, ashe shi ma ba barcin yake samu ba.

"Kin yarda da haka?"

"Na yarda."

"Asabar bayan la'asar. In kuwa na gan su, da kaina zan kai shi inda ya dace."

*

Ukasha ya iso rigarsa sharkaf da gumi, rungume da akwatin katako. Daga Ainu Shams a tsaye ya zo cikin metro, ya sauya jirgi, a tasha kuma sai da masu bincike suka sa ya buɗe akwatin ya yi musu bayani. Ya rame, har wuyan rigar ya yi masa yawa. Fiddausi ta kalle shi sau ɗaya daga bakin labule, ta sunkuyar da kai don kada zuciyarta ta karye.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Abba ya amsa a taƙaice.

"Ina suke?"

"Baba, ai ban zo da su ba. Suna wajenku."

Fuskar Abba ta canza. "Ni za ka raina wa hankali a gidana?"

"Allah Ya tsare ni. Ɗigon jini ɗaya nake roƙo, irin wanda kuke fitarwa kullum da safe."

Umma ce ta tashi ta ɗauko allurar, ba wanda ya aike ta. Abba ya harare ta, amma ya miƙa yatsan. Ukasha ya tari ɗigon a kan ɗan gilashi, ya shimfiɗa shi siriri, ya rufe da wani, ya kunna fitilar madubin. Sai da ya yi ta murɗawa kafin ya ja baya.

"Bismillah. Ku rufe ido ɗaya."

Abba ya sunkuya.

"Ban ga komai ba... Tsaya." Ya ƙara matsawa. "Mene ne waɗannan? Kamar an watsa kwabbai."

"Su ne jajayen, Baba. Su ke ɗaukar iskar da kuka shaƙa su kai ta ko'ina a jiki."

"Ai ba ja ba ne sosai."

"Sai sun taru da yawa suke yin ja. Fararen ba su da yawa, sai an sa musu launi ake ganinsu da kyau. Ga wani gilashin na zo da shi. Su ne sojojin da ke yaƙar cuta."

Abba bai karɓi gilashin ba, bai kuma ɗago ba. "Duk wannan a ɗigo ɗaya?"

"Miliyoyi ne. Kuma ba jini kaɗai ba. Fata, tsoka, ƙashi, ganyen bishiya, duk abin da ke da rai da irinsu aka gina shi. Da Larabci khaliyya, da Hausa kuwa ba mu da sunan da ya fi bin baki sai wancan. Ban san ciwon da sunan yake da shi a gidan nan ba, Baba. Ku yafe mini."

"Kuzarin da ka ce fa?"

Ukasha ya dubi labule. "Fiddausi ta fi ni iya wannan."

Ba ta shirya ba. Ta fito ta durƙusa kusa da Umma.

"Abba... abincin da muka ci yana komawa sukari, jini ya ɗauke shi ya kai ƙofar kowace ɗaya, ta tsoka da sauransu. A cikinsu akwai murhu. In sukarin ya shiga, sai a ƙona shi da iskar da jajayen nan suka kawo, ƙarfi ya fito. Ku kuma ciwonku, ƙofar ce take ƙin buɗuwa sosai. Sukarin yana ta yawo a jini, murhu na jira a ciki. Shi ya sa ko kun ci kun ƙoshi kuke jin kasala."

Abba ya ɗago a hankali ya dube ta.

"Shekara tara ina zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa gaya mini haka." Ya juya ga Ukasha. "Kai ka koya mata?"

"Ita ta koya, Baba. Ni fassara kawai na yi."

Abba ya koma kan madubin. Ya daɗe a haka, har Fiddausi ta ga kafaɗunsa sun fara motsi.

"Harun ma..." ya ce. "Shi ma haka nasa suke?"

"Haka suke, Baba."

"Yana ɗauke da wannan duka a jikinsa, ya je yana neman ƙarfi a leda."

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Abba ya zaro hankici ya goge ido, ya goge gilashin madubin da hawayensa ya ɓata, ya gyara zama.

"Na zalunce ka, yaro. Na ji kalma ɗaya na rufe kunne. Duk wadda ta yanko saƙon nan kuma, zan gano ta, ni da iyayenta ne. Ranar Juma'a a masallacinku zan yi salla, in tsaya kusa da kai a sahu, duk mai ido ya gani. Bayan an idar, magabatanka su biyo ni gida."

Sai a lokacin kukan kwana takwas ya zo wa Fiddausi. Ta kifa kai a cinyar Umma.

Ukasha ya yi ta godiya har maganarsa na harɗewa. Ya jawo akwatin zai fara haɗa kaya.

"Me kake yi?" Abba ya ce.

"Kafin magariba zan mayar, Baba. Aro ne, kuma hanyar da nisa."

"Bar shi tukuna, Ummansu ba ta ga nata ba." Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota ya ajiye a kan tebur. "In ta gama ni zan kai ka. Surukina ba zai sake rungumar wannan kaya a metro ba."