Saura Minti Goma

"Sake kunna min!" in ji Baba.

Lorcan, abokin gidanmu da ya zo cin abinci, ya sake danna wayarsa, ya tura ta tsakanin kwanon dankali da na kabeji. Hoton bidiyon ya fito tar. Ana cin ƙungiyar ƙwallon garinmu da maki shida, saura minti goma a tashi, ga Ultan ɗina ya ɗaga wuyan kwat yana sulalewa ta ƙofar fili.

"Wannan na bara ne," Lorcan ya ce, har da wani marairaice fuska. "Ina da na bara waccan ma. Ba don kusancina da gidan nan ba, Malachy, da ban nuna ba."

Baba ya ajiye cokali, ya dube ni.

"Dervla, wannan ne kike so in riƙe hannunki in kai masa a coci?"

"Baba, ƙila uzuri..."

"Uzuri sau biyu? Wanda ya bar yaran garinsu ana cinsu, ranar da rayuwa ta fara cinki zai bar ki. Kada ya ƙara taka min gida!"

Mama ta ce, "Malachy, ƙwallo ce fa."

Ko kallonta bai yi ba.

A wurin Baba, mutanen Carrigmoyle kashi biyu ne. Akwai 'yan ruwa, masu tsayawa a bakin fili cikin sanyin Fabrairu, su goma sha biyu da kare ɗaya. Akwai kuma 'yan rana, waɗanda ba a ganinsu sai an kai wasan ƙarshe, su zo da sababbin riguna suna tambayar sunan mai tsaron gida. Shekara arba'in Baba yana wanke rigunan ƙungiya yana bin motarta, bai taɓa barin wasa ba a tashi ba. Ko ranar da aka haife ni sai da alƙali ya hura usur ɗin tashi sannan ya taho.

Abin da ya fi ba ni haushi, Lorcan ɗan rana ne na gidi. Dillalin motoci ne a birni, rigarsa ta ƙungiya har yau da karin ninki a jikinta. Amma ya san lagon Baba, wato maganar wutar nan.

A garinmu in yara suka ciyo kofi, kowace mararraba sai an hura wuta a tare su. In an cinye su, hanya duhu, kowa ya rufe ƙofarsa. To amma shekara goma sha ɗaya ke nan, duk ranar da aka fitar da mu, sai motar 'yan wasa ta tarar da wuta guda tana ci a mararrabar gada, ba kowa a wurin. Baba yakan ce in ya ga mai wutar nan sai ya cire masa hula.

"Kai kuwa Lorcan, ko ka taɓa jin wanda ke hura ta?" Mama ta tambaya.

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "Wasu abubuwan ba a faɗa, Nuala."

Baba ya ƙara masa nama. Ni kuwa na dubi hannayensa masu laushi, na ce a raina wannan ko ashana bai iya ƙyastawa ba.

Washegari na sami Ultan a shagonsa na kafinta.

"Ina kake zuwa?"

"Sannu da zuwa, masoyiyata. Shayi?"

"Kada ka yi min masoyiyata! Duk ranar da ake cinmu sai ka tashi. Ina kake zuwa?"

Ya ci gaba da goge katako. "Cunkoson motoci nake gudu."

"Ƙarya kake! Kai da ka tsaya awa biyu cikin ƙanƙara kana kallon wasan 'yan ƙasa da sha huɗu?"

"Dervla... na yi wa wani alkawari."

"Mace ce?"

Ya tuntsire da dariya har ƙurar katako ta shaƙe shi. Dariyar ta ƙona min rai, na juya na fita. A bayan shagon na ga tulin guntayen katako an lulluɓe da leda, an danne da duwatsu. Na ɗan tsaya ina mamakin mutumin da ke tattalin shara haka, sannan fushi ya ja ni na wuce.

Ina sonsa, wannan ba ta da musu. Amma maganar Baba ta zauna min a ƙirji, kuma rashin sanin ya fi komai cina.

Ranar wasan ƙarshe garin ya watse zuwa birni. An yi wa tumaki fenti kore da fari, mutanen da ban taɓa gani a fili ba sun zo da ƙaho da tuta. Lorcan na sahun gaba yana ihu, yana kiran ɗan wasanmu na tsakiya da sunan wansa da ya daina wasa tun tuni.

Na zauna kusa da Ultan. Aka dawo hutun rabin lokaci, suka zura mana ɗaya a raga, wadda a irin ƙwallonmu maki uku ce nan take, suka ɗora huɗu ta saman sanda, kowace maki ɗaya. Aka soma yayyafi. Saura minti goma na ga Ultan ya dubi agogo.

"In ka tashi," na ce, "kada ka dawo."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya yi ja.

"Ki yafe min, zuciyata."

Ya tashi.

Na zauna minti ɗaya cur ina haɗiyar kuka. Sai wani abu ya ce min, ke Dervla, za ki rabu da mutum ba ki san dalili ba? Na miƙe. Ni, 'yar Malachy Devaney, na keta mutane na fita saura minti tara! Wata tsohuwa har ta yi alamar gicciye.

Na bi motarsa daga nesa. Bai tsaya ko'ina ba sai shago. Ya yaye ledar nan, ya loda katakan, ya nufi gada.

Na tarar da shi durƙushe cikin ruwa, ya kare ashana da kwat ɗinsa.

"Kai ne..."

Ya zabura. "Ke! Kin bar wasa?"

"Kai ne mai wutar! Shekara goma sha ɗaya?"

"Riƙe min ledar nan tukuna, iska na kashe min."

Na riƙe. Ya sake ƙyasta ashana.

"In na jira usur, motoci sun toshe hanya, motar yara kuma ita ake fara buɗe wa hanya," ya ce. "Ga katako in ya ji ruwa sai ya yi awa bai kama ba."

"Me ya sa, Ultan?"

"Babana ya tsare gida a wasan ƙarshe, ƙwallo ta suɓuce masa ta shiga. Ya ce min ba ƙwallon ce ta fi masa ciwo ba, dawowa ce, tun daga birni har gida ba haske ko ɗaya. Da zai rasu ya ce kada in bari yara su ƙara shigowa cikin duhu. Ya ce kuma kada in faɗa, don in suka san mutum ɗaya ne, ta zama tausayi. Gara su ɗauka gari ne."

Na fashe da kuka, na kai masa duka a kafaɗa.

"Sakarai! Saura kaɗan in rabu da kai!"

"Ai kin rabu da ni, tun saura minti goma."

Wutar ta kama sosai daidai lokacin da magariba ta kawo kai. Muka hango fitilun motar 'yan wasa. Ultan ya ja hannuna zuwa bayan katangar dutse inda ya saba ɓuya. Na ƙi motsi, na kuma ƙi sakinsa.

"Kai ka yi alkawari. Ni ban yi ba."

Motar ta saba rage gudu ta yi oda ta wuce. Ranar sai ta ja birki. Baba ya sauko da jakar riguna a kafaɗa, yara na leƙowa ta taga, wasu ido a kumbure.

Ya dubi wutar, ya dubi baƙin hannun Ultan, ya dube ni.

"An ce min 'yata ta bar fili. Na ce ƙarya ne."

"Gaskiya ne, Baba."

"Lorcan fa? Na ɗauka shi zan tarar."

Wani daga cikin mota ya ce, "Yana can yana ɗaukar hoto da kofin waɗanda suka cinye mu, Malachy! Har ya cire rigar!"

Motar ta kwashe da dariya, dariyarsu ta farko tun rana.

Baba bai yi dariya ba. Ya matso kusa da Ultan.

"Kai ɗan Fergal. Wato shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa ganin yadda yaran nan ke ƙarasa wasa in ana cinsu ba?"

"Ban taɓa ba."

"Ka yi asara. Nan ne suka fi kyau."

Ya sa hannu ya cire hularsa, ruwa na sauka a kan furfurarsa. Ya daɗe tsaye a haka.

"Baɗi ka zauna kusa da matarka ka gani har ƙarshe," ya ce. "Ka bar min makullin shago da ashana. Ni zan fita saura minti goma."

A watan Mayu ya riƙe hannuna ya kai ni coci. Da kaka ta zagayo aka sake cinye mu, kamar yadda aka saba. Saura minti goma na ga Baba ya miƙa wa wani jakar riguna, ya ɗaga wuyan kwat, ya nufi ƙofa.

Wani ɗan rana a bayanmu ya yi tsaki. "Dubi tsohon can! An fara cinsu ya gudu."

Ultan ya matse hannuna. Muka ci gaba da kallon wasa har aka hura usur.