Shirun Genta

Ƙamshin man gashinsa Kanae ta fara ji a jirgin ƙasa. Ta waiga, sai ga ƙato a tsaye, ya bar kujera don kada ya matse kowa. Ta yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Genta ke nan, ɗan kokawar sumo ta Japan, amma na ƙasa-ƙasa.

Soyayya ta ƙullu, amma mahaifinta Tsuneo mai awara ya ce atafau.

"Mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙarti, yana cuɗa wa manya baya? Kin san ba a barinsu aure sai sun hau sahun manya. Ga Masaru mai kantin magani yana ta zarya. In Genta bai hau a gasar da ke tafe ba, magana ta ƙare."

Ran da aka buɗe gasa ta rubuta masa: "Dutsena, ka ci abinci? Ina tare da kai."

Shiru. Ta sake, shiru, shi da a da ko ajiye waya ba ta yi amsarsa ta iso. Kwanaki suka ja, har ta gaji da kuka.

"Ya guje ni, Baba. Ka ce wa Masaru ya zo."

Tsoho bai ɗauke ido daga talabijin ba.

"Zo ki ga sakaran naki. Dubi gemu. Tun farko ba a kayar da shi ba, bai kuma yi aski ba. Abin da ɗan sumo ya yi ran da ya fara nasara, shi zai ta yi, kar sa'a ta gudu. Ranar ya manta bai amsa miki ba, ya ci wasa. Shi ke nan fa."

"Au, Baba, ashe kallonsa kake?"

"Labarai nake jira."

A karon ƙarshe Genta ya sungumi abokin karawarsa ya dire shi a wajen da'irar kokawa, ya hau sahun manya ke nan. Tsoho ya buga ihu har shayi ya zube. Can wayarta ta yi ƙara.

"'Yar tsuntsuwata, duk na karanta, daurewa na yi. Ki yafe min. Za ki aure ni?"

"Sai ka yi aski."

Da bazara aka yi biki, ƙartin gidan kokawar su Genta suka cinye komai. Tsuneo ya ɗaga ƙoƙon giyarsa.

"Ku tsufa tare, ku ga jikoki. Kai kuma, ko kana ci ko kana faɗuwa, in ta yi magana ka amsa."