Rubutun da ke Bayan Hoton Lukman

Ni na fara ganin wanga rubutu kafin kowa a Yelwa, ni da ban taɓa zama aji ba, amma sau uku jirgi na kifewa da ni ina fitowa.

Kwana tara ɗana Lukman bai dawo daga kamun kifi ba. Wayarsa kaɗai aka tsinta a gaɓa, ta mutu, sai memorin ciki. Na yi ta yawo da shi har magariba. Babu wuta a gari, sai wani shagon kwamfuta na hango da haske. Ciki warin laka yake yi.

Mai shagon ya sa memorin a kwamfuta, ya buɗe hoton Lukman na ƙarshe, ya ce, "Baba, kowane hoto na da rubutu ɓoye a bayansa, kamar shaidar da kuke yi wa kwandon kifi. Nasa ya ce yau aka ɗauki hoton, a tsohon garinku."

Garinmu kuwa ruwan dam ya cinye shi tun ina saurayi.

Na durƙusa. "Don Allah, ɗan nan, goge wanga rubutu, ka sa yana gida. Shi kaɗai gare ni."

"Sai wanda ya rubuta ke iya gogewa."

"To wa ya rubuta?"

Daga durƙuson nan na ga ba a jona kwamfutar da komai ba. Ƙafafun mai shagon na ɗigar ruwa, katantanwa manne har idon sawu.

Na karɓe memorin na fito, har yau yana cikin hulata. Mai musu ya zo ya sa a wayarsa ya karanta, in ya isa.