Ƙaro a Bakin Ambulan

"Ba ni buɗe shi, ranka shi daɗe."

Malama Dija ta dafe ambulan ɗin tambayoyin lissafi a kan teburin ofishin shugaban makaranta. Safiyar jarrabawar fita ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Gummi, a shekarar 1984. Ita aka ɗora wa tsara zauren jarrabawar. Tun jiya ta jera kujeru, yanzu ga ɗalibai zaune suna jira.

Shugaban makaranta, Alhaji Bature, ya rage murya. "Ke yarinya, in hukuma ta ji an taɓa shi, soke jarrabawar za a yi, shekarar ɗiyanga ta tafi. Buɗe ki raba."

"An buɗe shi an sake liƙewa. In na rufe baki yau, gobe a gano, har makarantar za a rufe. A kira 'yan sanda."

Ta ƙara danne ambulan ɗin.

Sufeto Arzika ya iso a kan babur, da wani ɗan sanda a bayansa. Ya ɗaga ambulan ɗin wajen taga, ya jiƙa yatsa ya shafa inda aka liƙe, ya ɗanɗana.

"Wanga ba gam ɗin ofis ba ne. Ƙaro ne, irin da malamai ka haɗa tawada da shi. Wa ya ɗauko shi daga caji ofis, inda ya kwana?"

Malam Shitu, jami'in da hukumar jarrabawa ta turo daga Sakkwato, ya gyara tabarau. "Ni ne, da direban makaranta. Ko nan da can ban gusa daga motar ba."

Sufeto ya fita, Dija da Shitu na biye. Ya zagaya Landirobar makaranta, ya tsuguna ya ɓanɓaro laka daga taya.

"Malam Shitu, ruwa bai sauka ba bana. Hanyar caji ofis jar ƙasa ce busassa. Wagga baƙar laka ta fadama ce, kuma ɗanya. Kifi kuka je kamu?"

Shitu ya share gumi. "To... na sauka bakin kasuwa na ci waina. Direba ya ce zai ɗebo wa mota ruwa."

"Wainar ta yi daɗi?"



Aka kira direba. Direban nan, Namadi, ƙanen mahaifiyar Dija ne, shi ya fara kai ta makarantar boko a bayan keke. Ɗiyarsa Rabi kuma tana cikin zauren.

"Ruwa kawai na ɗebo, yallaɓai."

"Ga rijiya bayan kasuwa. Mi ya kai ka fadama?"

"Nata ruwan ya fi sanyi."

"Ashe motar ma tana da zaɓi. Nuna min hannunka."

Babban yatsansa na ƙyalli da busasshen ƙaro. Namadi ya dubi Dija, ta sunkuyar da kai. Sai ya zube ƙasa.

"Wallahi ban karanta komi ba, ni da ban san boko ba! Malaminmu na bakin fadama ya ce addu'a ba ta ratsa takardar Nasara sai an buɗe mata baki. Tofi kawai ya yi, don Rabi ta ci. Da na ga jan hatimi a ciki tsoro ya kama ni, muka liƙe."

Sufeto ya koma ofis, ya yanka ambulan ɗin a gaban kowa. Ƙunshin ciki na nan da jan hatiminsa, ko tsagewa babu. Wata 'yar laya ta faɗo daga gefe. Shitu ya juya ƙunshin sama da ƙasa, ya sauke numfashi.

"Tambayoyi ba su fita ba. A yi jarrabawa."

Alhaji Bature ya faɗa kujera yana ta hamdala. 

Ɗan sanda ya riƙo Namadi. A bakin ƙofa Namadi ya waiwayo. "Dije, kar ki gaya wa Rabi sai ta gama."

"To, Kawu."

Ta rungumi ƙunshin ta shiga zaure, ta nuna wa ɗalibai hatimin, ta fasa shi. Da ta zo kan Rabi ta ajiye mata takarda kamar kowa, ta wuce. Ba a jima ba zauren ya yi tsit, sai ƙarar alƙaluma.

Sakamako ya fito lafiya, Rabi ma ta haye. Namadi ya yi zaman gidan yari, ya rasa aikinsa. Kafin sabon zango, a kan kiran 'yan sandan nan, aka yi wa Dija canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Ranar da za ta tafi ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarta, ta yi sallama. Inna na ciki, ba ta amsa ba, kuma har aka yi girbi ba ta aiko mata ko da gaisuwa ba.